Awon Girman Furoton: Tarihin Wata Lamba da Karkatar Masu Awonta

A ranar 8 ga watan Yuli na shekarar 2010, mujallar kimiyya ta Ingila mai suna Nature ta buga sakamakon wani awo da ƙungiyar masana ilmin fiziks suka yi a Cibiyar Paul Scherrer da ke ƙasar Suwizalan. Abin da suka auna shi ne girman furoton, watau ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar kowace zarra. Lambar da suka samu ta gaza wadda ke cikin littattafai da kashi 4 cikin 100. A kasuwar hatsi, wanda ya sayi mudu ɗari ya tarar da casa'in da shida zai yi ƙorafi, a sasanta, kowa ya kama gabansa. A wannan fanni kuwa, inda ake auna wasu abubuwa har zuwa lambobi goma sha huɗu a jere, kashi huɗun nan ya hana manyan masana barci kusan shekara goma.

Labarin ya cancanci a tsaya a kansa saboda dalili biyu. Na farko, yana nuna yadda ɗan Adam ya iya auna abin da ido bai taɓa gani ba, kuma ba zai taɓa gani ba. Na biyu, wanda ya fi shafar ɗalibi da ma'aikaci ko da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba, yana nuna yadda mutane masu gaskiya da ƙwarewa kan karkata zuwa ga amsar da suka riga suka yi tsammani, ba tare da ko ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Abin da ake aunawa

Ernest Rutherford ne ya bayyana a 1911, a Jami'ar Manchesta, cewa kusan dukkan nauyin zarra a dunƙule yake a wata 'yar cibiya a tsakiyarta, sauran kuwa fili ne wanda ilektiron ke yawo a cikinsa. A 1919 ya nuna cewa ana iya fitar da cibiyar haidirojin daga cikin cibiyar naitirojin, kuma a 1920 aka raɗa wa wannan cibiya ta haidirojin suna furoton. Zarrar haidirojin ita ce mafi sauƙin gini a duk halitta: furoton ɗaya, ilektiron ɗaya, shi ke nan. Don haka ta zama allon da masana ke gwada kowace sabuwar ka'ida a kansa.

Da farko an ɗauka furoton ɗigo ne kawai wanda ba shi da ciki. Otto Stern ya fara girgiza wannan zato a Hambug a 1933, lokacin da ya auna ƙarfin maganaɗisun furoton. Masu lissafi sun tabbata cewa sun san amsar tun kafin a auna, amma abin da Stern ya samu ya ninka tasu sau biyu da rabi. Ɗigo marar ciki ba zai yi haka ba. Sai a shekarun 1950 Robert Hofstadter, a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya riƙa harba ilektiron masu tsananin gudu kan haidirojin yana ƙirga yadda suke kaucewa, ya nuna cewa lallai furoton yana da faɗi, kimanin 0.8 na femtomita daga tsakiya. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1961.

Femtomita ɗaya shi ne a raba milimita gida miliyan, a ɗauki ɗaya, a sake raba shi gida miliyan. Hankali ba ya kama wannan sai da kwatance. Da za a hura zarrar haidirojin har furoton ɗinta ya kai ƙwayar gero, to ilektiron zai kasance yana yawo a tazarar kimanin mita sittin daga gare ta.

Akwai kuma wata wahala. Furoton ba shi da baki kamar ƙwarya, balle a ɗora masa igiyar awo. Tun daga 1964, lokacin da Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo ra'ayin ƙananan ƙwayoyin da ake kira kwak, da gwaje-gwajen da aka yi a Stanford a ƙarshen shekarun 1960, an fahimci cewa furoton ya fi kama da hayaƙi mai kauri a tsakiya wanda ke raguwa a hankali zuwa waje. Abin da ake kira girmansa wani matsakaicin lissafi ne na yadda cajin lantarkinsa ya bazu daga tsakiya. Saboda haka duk wanda ya ce ya auna furoton, wani abu dabam ya auna, sa'an nan ya bi ta lissafi ya isa ga girman. A wannan tazara da ke tsakanin abin da na'ura ta nuna da lambar da aka buga ne zaɓin mutum yake shigowa.

Hanyoyi biyu, amsa ɗaya

Hanya ta farko ita ce ta Hofstadter, harbi da ƙirga kauciya. Matsalarta ita ce, girman da ake nema yana fitowa ne daga karo mafi taushi, wanda ilektiron bai kauce ba ko kaɗan, kuma irin wannan karo ba ya aunuwa. Sai a auna waɗanda suka fi shi ƙarfi, a zana layi a kansu, a ja layin zuwa wurin da ba a kai ba. Kamar mai son sanin gangaren hanya daidai ƙofar gari ne, alhali an tsai da shi nesa da ganuwa: dole ya ƙiyasta daga abin da ya taka. Irin layin da aka zaɓa, miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa, yana iya sauya amsa. A 1963 wani nazari na dukkan awon da aka yi ya ba da 0.805. A 1980 masana a Mainz ta Jamus suka samu 0.862. Daga nan lambar ta ci gaba da hawa.

Hanya ta biyu ta bi ta haske. Ilektiron a cikin zarra yana zama ne a wasu matakai ƙayyadaddu, kuma in zai tashi daga wani mataki zuwa wani, sai ya haɗiye ko ya fitar da haske mai launi takamaimai. A 1947 Willis Lamb da Robert Retherford, a Jami'ar Kolombiya, suka gano cewa wasu matakai biyu na haidirojin da ka'idar Dirac ta ce daidai suke, akwai 'yar rata a tsakaninsu. Bayanin wannan rata shi ya haifi ka'idar nan ta haske da lantarki wadda ake kira QED, wadda har yau ba a sami ka'idar da ta fi ta dacewa da awo ba. A cikin ratar akwai wani ɗan ɓangare da girman furoton ke jawowa, domin a wasu matakan ilektiron yakan ratsa ta cikin furoton ɗin kansa, kuma a can ciki jan da yake ji yakan ragu. Ɓangaren bai kai kashi 2 cikin 10,000 na ratar ba. Amma zuwa shekarun 1990 hasken leza ya kai kaifin da za a iya ganinsa, musamman a ɗakin gwajin Theodor Hänsch a Garching kusa da Munik, da na François Biraben a Faris.

Hanyoyin biyu suka haɗu a wuri guda. Kwamitin duniya mai suna CODATA, wanda ke tattara awon masana duk bayan 'yan shekaru ya fitar da lambobin da kowa zai yi aiki da su, ya ba da 0.8768 a lissafinsa na 2006. A 2010 Jan Bernauer da abokan aikinsa a Mainz suka kammala awo fiye da 1,400 na harbin ilektiron, suka samu 0.879. Hanyoyi biyu da ba su da alaƙa, ƙasashe dabam-dabam, amsa ɗaya. Mai hankali ba zai zargi kowa ba don ya ɗauka magana ta ƙare.

Muwon

Muwon wata ƙwaya ce da Carl Anderson da Seth Neddermeyer suka gano a 1936. Kamar ilektiron yake ta kowace fuska, sai dai ya fi shi nauyi sau 207, kuma ba ya rayuwa sai kimanin kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa. In aka cire ilektiron daga zarrar haidirojin aka sa muwon a gurbinsa, nauyinsa zai sa ya matso kusa da furoton kusan sau 186. Matsowar nan tana sa damar samunsa a cikin furoton ta ƙaru fiye da sau miliyan shida. A irin wannan zarra, girman furoton yakan kai kusan kashi 2 cikin 100 na ratar Lamb. Abin da ake laluben sa a haidirojin na yau da kullum, a nan yana fili.

Masana sun san haka tun shekarun 1970, amma aikin ya gagara. Ana bukatar muwon masu tafiya a hankali, waɗanda za su tsaya a cikin iskar haidirojin marar kauri. Daga cikin waɗanda suka tsaya, kimanin ɗaya cikin ɗari ne ke sauka kan matakin da ake so, kuma ba ya daɗewa a kai fiye da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci dole na'ura ta gane muwon ya shigo, ta tayar da leza, hasken ya isa. In launin hasken ya dace da ratar, zarra za ta fitar da wani haske na musamman da za a ƙirga. In bai dace ba, shiru. Aikin mai gwaji shi ne ya riƙa juya launin kaɗan-kaɗan, kamar mai neman tasha a rediyo, yana zaman sa'o'i a kan kowane wuri.

An fara shirin a Cibiyar Paul Scherrer a ƙarshen shekarun 1990, da Randolf Pohl da Franz Kottmann da Aldo Antognini a cikin jagororinsa. Burinsu mai sauƙi ne: su ƙara wa lambar da aka sani kaifi sau goma. Ba su fito neman rigima ba. Suka gwada a 2003, ba su ga kome ba. Suka sake a 2007, shiru. Kowane karo suka ɗora laifin a kan leza, kuma da gaskiyarsu, domin lezar tana da matsaloli. Suka gyara ta, suka dawo a 2009, makonni suka shuɗe, har ila yau shiru, ga shi kuma masu ba da lokacin na'ura sun fara ƙosawa da aikin da ya ci shekara goma bai haifar da kome ba.

A nan ne karkatar farko ta bayyana. Lezar ba ta iya bincika ko'ina, dole a zaɓi inda za a nema, kuma sun zaɓi yankin da tsohuwar lamba ta nuna. A watan Yuli na 2009, lokacinsu ya kusa ƙarewa, suka yanke shawarar juya lezar zuwa yankin da ya dace da furoton ƙarami, inda lissafin kowa ya ce babu kome. Can suka tarar da alamar, a sarari. Lambar da suka buga a 2010 ita ce 0.84184, da gejin kuskure wanda ya fi na CODATA ƙanƙanta sau goma. A 2013 suka ƙara awo a kan wata rata ta biyu, suka samu 0.84087. Tazarar da ke tsakanin wannan da lambar CODATA ta 2010, watau 0.8775, ta ninka gejin kuskure sau bakwai. A al'adar wannan fanni, sau biyar ya isa a ce ba sa'a ba ce.

Ba yau farau ba

Wanda ya san tarihin awo ba zai yi mamaki ƙwarai ba. Robert Millikan ya auna cajin ilektiron a Shikago tsakanin 1909 da 1913, ta hanyar kallon ɗigon mai yana sauka a cikin iska. Aiki ne mai kyau, amma lambar da ya yi amfani da ita ta kaurin iska ba daidai take ba, saboda haka amsarsa ta gaza da fiye da rabin kashi ɗaya cikin 100. Martabar Millikan ta sa lambar ta zauna kusan shekara ashirin, sai a shekarun 1930 aka gano tushen kuskuren. Richard Feynman ya yi amfani da wannan misali a jawabinsa na yaye ɗalibai a Caltech a 1974. Bayaninsa shi ne, wanda awonsa ya yi nisa da na Millikan sai ya koma ya bincika na'urarsa har ya sami abin gyara, wanda kuwa awonsa ya zo kusa sai ya buga ba tare da ya sake dubawa ba. Masana tarihi suna ganin Feynman ya ɗan gyara labarin ya fi yadda ya faru tsari, amma hanyar da ya bayyana gaskiya ce, kuma ita ce zuciyar al'amarin. Ba a ƙirƙiri kome ba. An dai fi neman kuskure a gefe ɗaya, an kuma daina nema da zarar amsa ta yi daɗi.

Gudun haske ya fi wannan bayyana. Awon da aka yi a shekarun 1930 zuwa farkon 1940 sun taru wuri guda, har Raymond Birge, wanda shi ne alƙalin irin waɗannan lambobi a zamaninsa, ya tsayar da kilomita 299,776 a daƙiƙa a 1941, da gejin kuskure na kilomita 4. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Louis Essen a Ingila ya auna da wata sabuwar hanya ta igiyar rediyo ya samu kusan 299,792, watau ƙarin kilomita 16. Ba a karɓe shi nan da nan ba, amma shi ne da gaskiya. Ɗakunan gwaji da yawa sun yarda da juna, kuma dukkansu sun kauce ta gefe ɗaya.

Akwai kuma karkata ta ɗaya fuskar, watau ɗokin ganin sabon abu. A 1903 René Blondlot na Jami'ar Nancy a Faransa ya ce ya gano wani sabon haske, masana da dama suka ce su ma sun gan shi, sai a 1904 Ba'amurke Robert Wood ya ziyarci ɗakin gwajin, ya zare wani muhimmin ɓangare na na'urar a cikin duhu, Blondlot kuwa ya ci gaba da karanta awonsa.

Inda karkatar ta shiga

Rigimar furoton ta ɗanɗana dukkan waɗannan. Kwamitin CODATA bai sa awon muwon a cikin lissafinsa na 2010 ba, bai kuma sa shi a na 2014 ba, inda ya ba da 0.8751. Ana iya kare wannan mataki: awo ɗaya ne daga ƙungiya ɗaya, kuma kaifinsa zai danne duk sauran in aka haɗa su. Amma sakamakon shi ne lambar da aka fi aunawa da kyau ta zauna a waje shekara takwas.

Da aka koma aka duba tsofaffin awon haidirojin ɗaya bayan ɗaya, sai wani abu ya fito. Kusan kowannensu, in aka ɗauke shi shi kaɗai, gejin kuskurensa yana da faɗi, bai saɓa wa awon muwon da ƙarfi ba. Saɓanin yana fitowa ne in aka haɗa su aka ɗauki matsakaici, domin lissafin matsakaici yana ɗauka kowane awo shaida ne mai zaman kansa. Amma mafi nauyinsu daga ɗakin gwaji ɗaya suka fito, a Faris, da na'ura iri ɗaya. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami sun san wannan matsala. In aka sami kofe goma na waƙa ɗaya duk sun yarda a kan wata kalma, ba a cewa shaidu goma ne sai an tabbata ba daga allo ɗaya aka kwafe su ba. In uwar ta kuskure, 'ya'yan duk za su kuskure tare, kuma yawansu ba ya ƙara musu gaskiya.

Abu na biyu ya fi ɗaci. Ƙaramar lambar ba sabuwa ba ce. Tun 1976 Gerhard Höhler da abokan aikinsa a Karlsruhe, da suka nazarci awon harbin ilektiron ta wata hanyar lissafi wadda ke ɗaure layin da ake ja da wasu sharuɗɗa na ka'ida, sun samu kusan 0.84. Ulf Meißner da abokan aikinsa sun maimaita irin wannan nazari a 1996 da 2007, suka sake samun lamba a wannan yanki. An buga waɗannan sakamako a manyan mujallu, kowa na iya karantawa. Sai dai ba su dace da abin da aka tsayar ba, saboda haka aka ɗauke su a matsayin gazawar hanyar tasu.

Bayan 2010 kuma guguwa ta juya. Masu ka'ida suka rubuta takardu masu yawa suna cewa wataƙila duka awon daidai ne, muwon ne ke jin wani ƙarfi na halitta wanda ilektiron ba ya ji. Da haka ta tabbata, da an rushe wani ginshiƙi na ilmin fiziks, watau cewa muwon da ilektiron ba su bambanta ba sai a nauyi, kuma da wanda ya fara faɗa ya shiga tarihi. Babu laifi a gwada irin wannan tunani, aikin mai ka'ida ke nan. Amma ya kamata a lura cewa takarda mai alkawarin sabon ƙarfi ta fi saurin samun masu karatu da kuɗin bincike bisa takardar da ke cewa wani ya ƙanƙanta gejin kuskurensa a 1997. A gefe guda kuma, ƙungiyoyi dabam-dabam suka ɗauki awon Mainz na 2010, lambobi iri ɗaya, wasu suka fitar da 0.84, wasu 0.88, gwargwadon layin da kowa ya zaɓa da yawan awon da ya yarda ya sa a ciki. Yanzu da akwai amsoshi biyu a fili, kowane mai nazari ya san inda yake so ya sauka tun kafin ya fara.

Abin yabo a nan shi ne halin manyan masu jayayyar. Bernauer da Pohl, waɗanda awonsu ya yi hannun riga, sun zauna sun rubuta maƙala ɗaya tare a mujallar Scientific American a 2014, kowa ya bayyana aikinsa da inda zai iya yin kuskure.

Rufe ido da gangan

Maganin da wannan fanni ya samo wa kansa tsoho ne. A farkon shekarun 1930 Frank Dunnington, yana auna wata sifa ta ilektiron a Kalifoniya, ya roƙi maƙerin da ke haɗa masa na'ura ya yi wata kusurwa kusa da yadda ya faɗa, amma kada ya gaya masa ainihin girmanta. Ba tare da wannan lamba ba, ba shi da hanyar sanin amsarsa. Sai da ya gama duk gyare-gyarensa sa'an nan ya auna kusurwar. A yau ana yin haka da kwamfuta: a ƙara wata ɓoyayyiyar lamba a kan awo, masu nazari su yi ta gardama a kan gyara ba tare da sun san ko gyaran yana kai su ga amsar da suke so ba, sai kowa ya sa hannu cewa an gama, a buɗe. A gwajin maganaɗisun muwon na Fermilab a Amurka, an ajiye ɓoyayyiyar lambar a cikin ambulan da aka liƙe, aka buɗe a gaban 'yan ƙungiyar a 2021. Jami'in da ya taɓa gyara takardun jarrabawa masu lamba a maimakon suna ya san hikimar.

Eric Hessels da ɗalibansa a Jami'ar York da ke Toronto ta Kanada sun bi wannan hanya. Suka shafe shekara takwas suna auna ainihin ratar Lamb a haidirojin na yau da kullum, mai ilektiron, da lambarsu a ɓoye. Da suka buɗe suka buga a 2019, sai ga 0.833, da gejin kuskure na 0.010. Kafin su, a 2017, ƙungiyar Garching ta auna wata rata dabam ta samu 0.8335, bayan ta nuna cewa matakai biyu da ke maƙwabtaka suna iya gurɓata siffar alamar su ja tsakiyarta gefe. A 2019 ɗin dai, gwajin PRad a Cibiyar Jefferson ta jihar Bajiniya ya sake harbin ilektiron da sabuwar dabara wadda ta kai shi kusa da karo mai taushi fiye da duk na baya, ya samu 0.831. Zancen sabon ƙarfi ya yi sanyi, tun da ilektiron ma ya ba da ƙaramar lamba. CODATA ta karɓi awon muwon a lissafinta na 2018, ta ba da 0.8414, sa'an nan 0.84075 a na 2022. Sauyin ya ja wata lamba tare da shi, watau lambar Rydberg, wadda take cikin lambobin da aka fi aunawa da kaifi a duk kimiyya, domin daga awon haidirojin ɗaya ake fitar da su biyun.

Amma labarin bai zo da tsari kamar tatsuniya ba. A 2018 ƙungiyar Faris ta auna ratar da ke tsakanin mataki na ɗaya da na uku, ta samu 0.877, tsohuwar lamba, a daidai lokacin da iska ke kaɗawa zuwa ga sabuwa. Sun buga abin da suka samu, kuma wannan shi ne daidai, domin da sun riƙe shi suna neman gyara har ya sauko 0.84, da sun aikata abin da Feynman ya bayyana, ta sabuwar fuska. A 2020 ƙungiyar Garching ta auna wannan rata ɗin dai da wata na'ura dabam ta samu 0.8482. A 2022 wata ƙungiya a Jami'ar Jihar Kolorado ta samu 0.8584, wadda ta faɗa tsakani. Bernauer da wasu masu harbin ilektiron kuwa sun ci gaba da nuna cewa awon PRad da na Mainz sun saɓa wa juna a yankin da suka haɗu, kuma dacewa da awon muwon ba ta isa ta nuna wanne ne ya kuskure ba.

Don raba wannan gardama aka shirya gwajin MUSE a Cibiyar Paul Scherrer, wanda zai harba muwon da ilektiron kan furoton a na'ura ɗaya, da gwajin AMBER a cibiyar CERN kusa da Janiba, da kuma zagaye na biyu na PRad a Cibiyar Jefferson. Masu gwajin MUSE sun tsara tun farko cewa za su nazarci awonsu da lambobin a ɓoye.